Me Ya Kai Ki?

 Ina gaida mutanen Bagudo da Zagga da Kende, da na Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, na wannan gaɓa ta Kwara da na waccan. Ina kuma gaida 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka, na Madikali da Malambil da Segbana, waɗanda muryar rediyo ke iske su ba tare da ta tsaya a shingen kwastan ba. Maganar da na zo da ita yau mai nauyi ce. Idan akwai budurwa ko saurayi kusa da ku, kada ku ce su tashi su ba da wuri. Ku bar su su zauna. Da su nake, da ku kuma.

Daga gidanmu zan fara, don kada a ce ina nuna gobarar maƙwabci alhali hayaƙi na tashi a nawa rufin.

Ɗiyar ƙanwata ce. Ba zan faɗi sunanta ba, ko garinsu, ko makarantar. Ita ce mace ta farko a zuriyarmu da ta wuce sakandare. Da za ta tafi, uwarta ta sayar da tumaki biyu, aka cika mata kwali da gari da ƙuli-ƙuli da yaji da busasshen kifi, aka raka ta tasha kamar ana rakiyar amarya. A shekararta ta biyu, wani dare bayan isha'i, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ban ji magana ba sai numfashi. Can ta ce, "Kawu, wani ne ya mare ni." Na ce wane ne? Ta ce wanda ke nemanta ne, ɗalibi ne, yana gabanta da aji ɗaya, kuma a bayan ɗakunan kwanansu abin ya faru. Sai bakina ya riga hankalina. Na ce mata, "Me ya kai ki?"

Ta kashe wayar. Wata huɗu ba ta sake tayar mini da maganar ba, ni ma ban tambaya ba, don na ɗauka faɗan yara ne ya wuce. A cikin watannin nan ya fasa mata waya, ya tsare ta ranar wata jarrabawa har lokaci ya ƙure, ya kuma shaƙe ta sau ɗaya har ta ga duhu. Duk wannan daga baya muka ji, daga bakin ƙawarta. Kalma huɗu na faɗa a daren nan, kuma su ne suka mayar da ita hannunsa.

Na san ba ni kaɗai ba ne mai wannan tambaya a baki. Ita ce take fara fitowa daga uba, da baffa, da kawu, har da uwa wani lokaci. To bari mu duba abin da ke faruwa kafin wayar nan ta yi ƙara.

Yau 'ya'yanmu mata na ƙasar Bagudo suna ko'ina wajen neman ilimi, kuma abin godiya ne. Akwai su a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha da ke Aliero, da Kwalejin Waziri Umaru, da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, da Dakingari, da Jega, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wasu sun ƙetare iyaka sun nufi Paraku da Kwatano. Na ambaci wuraren nan ne don mu san inda yaranmu suke, ba don in ɗora wa wata makaranta laifi ba. Abin da nake magana a kai babu makarantar da ta fi ƙarfinsa, a nan ko a Turai.

Mu da muka yi samartaka a ƙauye mun san yadda zance yake. A ƙofar gida ake yi ko a zaure, fitila na ci, ƙanwar yarinya na zaune a gefe tana gyangyaɗi, idan dare ya fara nisa tsohuwa ta yi gyaran murya daga cikin gida, kai da kanka ka san lokacin sallama ya yi. Gidan ya san saurayi, ya san ubansa, ya san gonarsu. Da wuya ya ɗaga mata hannu, don kafin ya kai gida labari ya riga shi. Tsarin nan yana da nasa aibi, amma yana da idanu. Yarinyar da ta tafi makaranta ta bar idanun nan a baya. Zance ya koma cikin waya da bayan ɗakunan kwana da gidajen haya na wajen makaranta, kuma galibi gida ba a san da shi ba, domin mun gindaya mata sharaɗi tun a tasha: karatu muka aike ki, kada mu ji, kada mu gani.

Shi kuma abin ba da mari yake farawa ba. Da da mari yake farawa, babu yarinyar da za ta tsaya. Da kyautatawa yake farawa. Kuɗin da aka ba ta daga gida ya ƙare tun tsakiyar wata, tana jin nauyin ta sake kiran uwar da ta san halin da take ciki, sai ga wani ya tura mata kati, ya biya mata kuɗin takardun darasi, ya kawo mata abinci ranar da ta wuni da ruwa. Wane ne zai ga laifinta idan zuciyarta ta karkata? Bayan nan sai tambayoyi su fara. Kina ina? Ke da wa? Wa ya kira ki ɗazu na ji waya na aiki? Na ga kina WhatsApp ƙarfe ɗaya na dare, da wa kike hira? Ba ni lambar buɗe wayarki idan babu abin da kike ɓoyewa. Wance ba ƙawar arziki ba ce, ki rabu da ita. Kada in sake ganin kin gaisa da wane. Idan ta yi ƙorafi ga ƙawaye, wasunsu su ce, "Ke dai kin more, ai yana ji da ke ne, kishi alamar so ne." A haka za a yi ta yanke mata mutane ɗaya bayan ɗaya, har ta waiga ta ga babu kowa sai shi.

Sannan zagi ya shigo. Sannan mari na farko. Kashegari ya zo yana hawaye, da leda a hannu, yana cewa sharrin shaiɗan ne, ke ma ke kika ja, ba zai sake ba. Sai a yi mako biyu kamar ba a taɓa ɓatawa ba, sai a koma. Kowane zagaye kuma ya fi na baya muni, kwanakin daɗin suna raguwa.

Ga inda nake son iyaye maza su kasa kunne. Ranar da yarinyar nan ta ce ta gaji, me kuke tsammani yake tsoratar da ita da shi? Sau da yawa ba wuƙa ba ce, ba sanda ba. Cewa yake yi, "Ina da lambar babanki." Ina da hotunanki. Ina da saƙonnin da kika turo mini. Ki kuskura ki rabu da ni, gobe duk suna wayar babanki da ta yayyenki, su san irin karatun da kike yi. Ita kuwa ta san abin da zai biyo baya: a ce ta tattaro kayanta, a rufe littafin karatu, a ɗaura mata aure da duk wanda ya samu kafin magana ta fita, ƙannenta mata kuma a ce babu mai sake zuwa ko'ina. Sai ta auna dukan da take sha da abin da zai same ta a gida, ta zaɓi dukan. Makamin da ya fi kowane kaifi a hannun yaron nan, mu ne. Fushinmu yake aro ya ɗaure ta da shi.

Wani zai ce ai wannan faɗan samari ne, ina ya kai a ɓata lokacin rediyo a kansa? To mu tuna Kano. A daren Juma'a 16 ga Satumba, 2022, a unguwar Janbulo, wani ɗan ƙasar Sin mai suna Geng Quanrong, ɗan shekara 47, ya shiga gidan iyayen Ummukulsum Sani Buhari, wadda aka fi sani da Ummita, ya daddaɓa mata wuƙa, mahaifiyarta tana cikin gidan. Shekarunta 22, ba ta daɗe da kammala jami'a a Uganda ba. Shi ba ɗalibi ba ne, amma abin da ya faɗa a gaban kotu kowane ɗalibi ya taɓa jin irinsa: ta yi masa alkawarin aure ta saɓa, kuma ya kashe mata kuɗi kimanin naira miliyan 60. A ranar 26 ga Maris, 2024, Mai shari'a Sanusi Ado Ma'aji na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Allah ya jiƙanta, ya ba mahaifiyarta haƙuri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai bayan kisan shi ne hirar da na yi ta ji a majalisu da tashoshin mota da shafukan Facebook. Mutane masu hankali, masu sallah, suna cewa, "Ai ita ma ta ci kuɗinsa." Wasu har suna lissafi. Na ce subhanallahi, ashe akwai farashin da idan an biya, ran 'ya mace ya zama halal? Idan miliyan 60 ba ta sayi ran Ummita ba, kuma kotu ta ce ba ta saya ba, to katin ɗari biyar da kwanon shinkafa ba su sayi kuncin ɗiyar kowa ba. Amma wannan tunani na "na kashe miki kuɗi" shi ne igiyar da ake jan yaranmu da ita a makarantu, kuma a bakin manya yaran suka koye shi.

Abin takaici, al'adarmu da addininmu sun daɗe da warware wannan ƙulli. Tun kaka da kakanni ana toshi, ana kai kayan na-gani-ina-so, ana baiko a sa rana, kuma tun kaka da kakanni ana fasawa. Idan an fasa, manya ke zama, a fito da kaya a ƙirga, a mayar wa mai shi abinsa, idan an kasa daidaitawa a tafi gaban alƙali. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi sun tattauna hukuncin kyautar neman aure: sanannen ra'ayi shi ne idan namiji ne ya janye ba ya karɓar abin da ya bayar, idan kuma daga ɓangaren mace aka fasa yana iya neman kayansa, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta nuna akasin haka. Ka ga ke nan mai kuɗi yana da ƙofar da zai bi ya nemi kuɗinsa. Babu malamin da ya buɗe masa ƙofar mari, ko ta tsarewa, ko ta tona asiri.

Ku tambayi malamanku labarin Faɗimatu 'yar Ƙaisu, yana cikin Sahihu Muslim. Maza biyu suka nemi aurenta, ta je neman shawara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya nuna mata cewa ɗaya daga cikinsu mutum ne da sanda ba ta sauka daga kafaɗarsa, a wata ruwayar aka fayyace cewa mai yawan dukan mata ne, ya kuma karkatar da ita zuwa ga Usamatu ɗan Zaidu. Ku lura, mace ce ta zo da maganar masu nemanta, ba a kore ta ba, ba a ce mata ba ta da kunya ba. An saurare ta, an faɗa mata gaskiyar halin mutum tun kafin a ɗaura. Ku kuma tambaye su labarin Barira da Mugisu a cikin Bukhari. Bayan an 'yanta ta ta zaɓi rabuwa da shi, yana bin ta a titunan Madina hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi da kansa ya sa baki ko za ta koma, ta tambaya ko umarni ne, ya nuna mata ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatarsa, aka ƙyale ta. Hawayen namiji, duk yawansu, ba su zama hujjar tilasta mata ba. Samarinmu su ji wannan da kyau, domin kuka da barazanar "zan kashe kaina idan kika bar ni" su ma igiya ce.

Na san akwai mai sauraro da zai ce, malam, duk wannan ya samo asali ne daga keɓewa da wanda ba muharrami ba, da ta kiyaye da ba a kai nan ba. Ban musa ba cewa addini ya hana keɓewa, kuma hanin rahama ne. Mu ci gaba da yi wa 'ya'yanmu wannan nasiha, maza da mata. Amma wanda ya faɗa Kwara, masunci ba ya tsayawa a cikin kwale-kwale yana tambayarsa dalilin da ya sa ya zo bakin ruwa. Fito da shi ake fara yi. Kuma kuskurenta, idan ta yi, bai wanke hannun wanda ya shaƙe ta ba. Mu kan haɗa laifi biyu mu ɗora wa mutum ɗaya, ɗayan ya kakkaɓe rigarsa ya tafi neman wata.

Abin ba ƙarami ba ne a lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi ta hanyar lalata a rayuwarta, mafi yawa daga hannun miji ko saurayi. A 2024 hukumar ta fitar da cewa cikin 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 da suka taɓa aure ko soyayya, kusan kashi 24 cikin ɗari suna gamuwa da haka kafin su cika shekara 20. A nan Najeriya, binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin ɗari na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka tun daga shekara 15, kuma fiye da rabin waɗanda aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Wannan rabin da ya yi shiru, ɗiyar ƙanwata na cikin irinsu, kuma na san abin da ya rufe mata baki.

Akwai abu biyu da masu bincike suka tabbatar waɗanda nake roƙon kowace uwa da kowace ƙawa ta riƙe. Na farko shi ne shaƙewa. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 ya gano cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙe mata wuya, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka fiye da sau bakwai idan aka kwatanta da wadda ake cin zarafinta amma ba a taɓa shaƙe ta ba. Shaƙewa sau da yawa ba ta barin tabo, shi ya sa ake raina ta. Duk ranar da yarinya ta ce ya kama mata wuya, maganar sasanci ta ƙare, maganar ceton rai ake yi, kuma a kai ta asibiti ko da ba a ga rauni ba. Na biyu, lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari. Mutumin da ya saba juya ta yadda yake so, ranar da ya ga tana kuɓucewa ita ce ranar da yake iya aikata komai. Saboda haka kada ƙawa ta ce mata, "Je ki same shi ki faɗa masa a fuskarsa." Kada ta amsa kiran "zo mu yi magana ta ƙarshe", ko "zo ki karɓi kayanki". Idan za a rabu, manya su shiga, ta sauya ɗaki idan da hali, kada ta riƙa tafiya ita kaɗai, kada kuma ta goge saƙonnin barazanar da ya turo, domin su ne shaida.

Mu mutanen bakin iyaka muna da ƙarin damuwa da na Kano ba su da ita. Iyakar nan a takarda take. Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawa na ɓangarorin biyu dangin juna ne, kasuwa ɗaya ake ci, aure ɗaya ake yi. Wannan alheri ne, amma yana nufin yaron da ya yi ɓarna a nan yana iya hawa babur da safe ta Lolo ko ta Tsamiya, kafin azahar yana shan fura a gidan kawunsa a wata ƙasa, inda takardar ɗan sandan Najeriya ba ta da ƙarfi. Duk wanda ɗan 'yar'uwarsa ya faɗo masa gida ba sallama ba dalili, ya tambaye shi abin da ya baro. Ɓoye shi ba zumunci ba ne.

Ga kuma 'ya'yanmu da ke karatu can ciki. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya bankaɗo yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, gwamnatin tarayya kuma ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo a Janairun 2024. Mun yi watanni muna muhawara a kan ingancin takardar. Ban ji wanda ya tambayi yadda 'yan matan da muka tura can suke kwana suke tashi ba: a gidan haya, ba dangi, ba Faransanci a baki, wanda ya san gari shi ne ke karɓo mata kuɗi, shi ke kai ta asibiti, wani lokaci takardunta ma a hannunsa suke. Ya kamata su sani cewa Jamhuriyar Benin ma tana da dokar hana cin zarafin mata tun 2012, ta kuma ƙara tsaurara hukunci a 2021. Baƙuwa ma dokar ta rufe ta. Uban da zai tura ɗiyarsa can, ya fara haɗa ta da wani dattijo ko wata dattijuwa a zangon Hausawa na garin, wanda zai iya raka ta ofishin 'yan sanda ya yi mata tafinta.

A gida kuma, tun watan Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda ake kira VAPP. Abin da ya bambanta ta da tsofaffin dokoki shi ne ba ta tsaya ga duka da rauni ba. Ta haramta tsoratarwa, da bibiyar mutum duk inda ya sa ƙafa, da raba shi da danginsa da abokansa da ƙarfi, da azabtar da shi ta zagi da wulaƙanci, ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya da zai hana mai cutarwa kusantar wadda yake cuta. Jihar Kebbi ta yi tata a 2022, zamanin Gwamna Abubakar Atiku Bagudu. Barazana ta waya ko intanet kuwa dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukuncinta. Wato yaron da ke cewa zai watsa hotuna, shi ne ke tsaye a bakin kurkuku, ba ita ba, amma ita ba ta sani ba, shi ma wataƙila bai sani ba. Dokar da ba a fassara ta da Hausa da Fulatanci da Dandanci an karanta ta a rediyo da masallaci da taron sababbin ɗalibai ba, tana nan kamar maganin da aka kulle a cikin akwati.

Shugabannin makarantu, roƙona gare ku guda ne. Yarinyar da ta zo ofishin kula da harkokin ɗalibai ko wurin jami'an tsaro da kumburarren ido, kada a kira yaron a zaunar da su a benci ɗaya a ce su yafe wa juna. A gabansa cewa za ta yi ta yafe, da dare ta biya kuɗin ƙarar da ta kai. A samu mace mai amana wadda kowace ɗaliba ta san sunanta da ƙofarta, a kuma tabbatar wa mai ƙara cewa ba za a juya maganar ta koma binciken tarbiyyarta ba.

Ku kuma samari, 'ya'yana, ban zo in yi muku kuɗin goro ba. Mafi yawanku ba ku taɓa ɗaga wa mace hannu ba, kuma na san akwai a cikinku waɗanda 'yan mata suka wulaƙanta, suka tatse, har da waɗanda ake yi wa barazana su ma. Zafin yaudara gaskiya ne, ba na raina shi. Wanda abin ya same shi ya je ga babba ya faɗa, ya nemi haƙƙinsa ta hanyar da na ambata. Amma kun san junanku fiye da yadda mu muka san ku. Kun san wanda ke cikin ɗakinku da ke alfahari cewa ya gyara wa budurwarsa zama. Kun ji kukan ta bango. Dariyar da kuka yi ranar da ya ba da labari, ita ce ta ba shi izinin na gaba. Mutum ɗaya a cikinku ya ce masa, "Wallahi idan ka sake, ni zan kai ka," ya fi wa'azina na shekara tasiri.

Sauran magana ta koma kanmu iyaye, inda ta faro. Cire yarinya daga makaranta saboda wani ya zalunce ta hukunci ne a kan wadda aka zalunta. Kuma ilimin mata ba baƙo ba ne a ƙasar nan da za a ce shi ya kawo mana ɓarna. Muna ƙarƙashin masarautar Gwandu, gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, kuma ɗiyar ɗan'uwansa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ce ta kafa 'yan taru, malamai mata da ake kira jaji suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Asibitocinmu na karkara suna kukan rashin ungozoma da ma'aikaciyar jinya mace, makarantunmu na kukan rashin malamai mata. Daga ina za su fito idan kowace ta yi tuntuɓe muka ce ta dawo gida? Ku faɗa wa ɗiyarku tun tana ɗaura kaya, da bakinku, ba ta hannun uwarta ba: duk abin da ya same ki, ko da ke ce da kuskure, ki kira ni, ba zan raba ki da karatunki ba. Ranar da ta yarda da wannan magana, lambar wayarku ta daina amfani a hannun mai yi mata barazana.

Bari in ƙarasa muku labarin gidanmu. Ƙawarta ce ta kira ni, Allah ya saka wa yarinyar nan da alheri, ta ce, "Baba, idan ba ku zo ba gawa za ku ɗauka." Da asuba muka kama hanya ni da uwarta, ba mu sanar da kowa ba. Muka fara kai ta asibiti, muka sauya mata wurin kwana, sannan muka nemi manyan yaron. Ya zo da lissafinsa a rubuce, har da katin waya na ɗari biyu. Ban yi jayayya da ko sisi ba. Muka biya a gaban baffansa da shaidu biyu, aka rubuta, aka kuma shaida masa cewa saƙonninsa na barazana suna ajiye, ranar da ya sake tare ta ko ya tura wa wani hotonta, a gaban alƙali za mu haɗu.

Da muka dawo gida, ubanta ya ce karatu ya ƙare. Ƙanwata, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban mijinta ba, ta ce, "Malam, tumakina na sayar. Ɗiyata ba ta barin karatu don wani ɗan banza." Aka kwana uku ana magana, liman ya sa baki, ya haƙura. Ta kammala. Yau tana aiki a wani ƙaramin asibiti, matan da ta karɓi haihuwarsu ba su ƙirguwa. Kunnenta na hagu dai har yanzu ba ya ji sosai.

Bara da sallah na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana wanke-wanke, na ce mata ta yafe mini abin da na faɗa a daren nan. Ta ce ba komai, Kawu, ya wuce. Ta ci gaba da ɗauraye kwano. Can ta ɗago ta ce, "Da cewa ka yi, kina ina yanzu, da a daren na faɗa maka komai."